Ƙaryar da ke 'Ya'ya: Matsayin Kimiyya a Ƙagaggun Labaran Kimiyya

Gabatarwa

Hausawa na cewa ƙarya fure take, ba ta 'ya'ya. Babu mai musun wannan magana a fagen zaman duniya. Sai dai akwai wani reshe na adabi wanda ba ya tsayuwa da ƙafarsa sai ƙaryar da aka shuka a cikinsa ta yi fure, ta kuma yi 'ya'ya. Wannan reshe shi ne ƙagaggun labaran kimiyya, wato labaran zube da ake ginawa a kan wani abu da kimiyya ta gano, ko wanda ake kyautata zaton za ta iya ganowa, kamar tafiya zuwa wata, ko haɗuwa da halittun wata duniya, ko na'urar da ke tunani da kanta.

Idan aka zo auna irin waɗannan labarai, akwai ma'auni biyu da suka fi yawo a bakin masu karatu. Na farko shi ne a ɗauki marubucin tamkar malamin duba, a yabe shi idan abin da ya faɗa ya auku, a yi watsi da shi idan bai auku ba. Na biyu shi ne a ɗauki littafin tamkar takardar jarrabawa, a bi shi da jan biro ana ƙidayar kurakurai. A ganinmu duka biyun sun kauce wa hanya. Manufar wannan maƙala ita ce ta nuna cewa aikin kimiyya a cikin labari shi ne ta zama doka, wato shingen da marubuci ya kafa wa kansa, wanda taurarin labarinsa ba su da ikon tsallakewa. Daga wannan shinge rikici ke tasowa, daga rikicin kuma jigo ke fita. Za mu bi sawun wannan magana a cikin wasu fitattun ayyuka na Turai da Amurka, inda reshen ya girma, sa'annan mu waiwayo gida, domin tambayar ta shafi matasanmu da suka soma gwada alƙalaminsu a wannan fage da harshen Hausa.

Iyaka Tsakanin Tatsuniya da Labarin Kimiyya

Tashi sama ba baƙon abu ba ne a adabin da muka gada. A cikin Dare Dubu da Ɗaya, wanda Hausawa suka daɗe da saninsa, akwai labarin dokin katako mai maɓalli biyu, ɗaya na tashi, ɗaya na sauka. Ga alama na'ura ce, tun da hannun mutum ne ya sassaƙa shi. Amma labarin bai damu da abin da dokin ke ci ya tashi ba, balle iyakar nauyin da zai iya ɗauka. Wannan ba aibi ba ne, domin haka tsarin hikaya da tatsuniya yake. Mai tatsuniya tun daga buɗe baki ya ƙulla yarjejeniya da masu sauraro cewa an jingine dokokin duniya a gefe, a ƙarshe kuma ya ɗora wa Gizo alhakin ƙaryar, kowa ya watse.

To, mu kwatanta wannan da ɗan littafin da masanin falaki Johannes Kepler na ƙasar Jamus ya rubuta da Latinanci, mai suna Somnium, wato Mafarki, wanda aka buga a 1634, shekara huɗu bayan rasuwarsa. A nan ma aljanu ne ke ɗaukar mutum zuwa wata. Amma Kepler bai bar matafiyin ya tafi salin-alin ba. Ya yi tunanin cewa fizgar tashin za ta iya ɓaɓɓalla shi, don haka sai an ba shi maganin barci an daidaita gaɓoɓinsa. Ya yi tunanin wahalar numfashi a can sama, don haka sai an sa masa jiƙaƙƙen soso a hanci. Da aka isa watan kuwa, sai aljanu suka koma gefe, ilimin falaki ya karɓi ragama. Yini ɗaya a can ya kai kimanin kwana 14 namu, dare ma haka. Mazauna ɓangaren da ke fuskantarmu suna ganin duniyarmu tsaye a wuri guda a samansu, mazauna ɗaya ɓangaren kuwa ba su taɓa ganinta ba. Duk waɗannan gaskiya ne har yau. Abin da Kepler ke nufi shi ne mai karatu ya gane cewa mazaunin wata zai rantse watansa a tsaye yake ba ya motsi, kamar dai yadda mu ma muke ji game da ƙasar da muke takawa. Ke nan ya yi amfani da ƙage ne ya kare ra'ayin cewa duniya ce ke kewaya rana.

A nan za mu ga cewa kasancewar aljani a cikin labari bai fitar da shi daga sahun labaran kimiyya ba, kamar yadda kasancewar na'ura bai shigar da dokin katako cikinsa ba. Manazarci Darko Suvin, a littafinsa na 1979, ya bayyana cewa ginshiƙin irin wannan adabi shi ne wani sabon abu da ke baƙunta mana duniyar da muka saba da ita, amma wanda hankali da hujja ke jan ragamarsa. Abin lura dai shi ne me ke faruwa bayan an shigo da sabon abin.

Verne da Wells: Mai Lissafi da Mai Ƙarya Ɗaya

Jules Verne na Faransa ya fitar da labarinsa na tafiya daga duniya zuwa wata a 1865. Masu ma'aunin duba suna son wannan littafi ƙwarai, domin a cikinsa mutum uku ne suka tashi daga Fulorida ta Amurka, kuma a 1969 mutum uku ne suka tashi daga Fulorida a kumbon Apollo 11. Amma idan muka dubi littafin da kyau, za mu tarar Verne ya faɗi dalilinsa a fili. 'Yan ƙungiyar maƙera igwa na cikin labarin suna son su harba harsashinsu sama sak a lokacin da wata ya daidaita da tsakar ka, hakan kuwa ba ya yiwuwa sai a wurin da bai wuce digiri 28 daga tsakiyar duniya ba. A Amurka ta lokacin, kudancin Tekzas da Fulorida ne suka cika wannan sharaɗi. Haka kuma gudun da ya ba harsashin, yadi 12,000 a sakan ɗaya, wato kusan kilomita 11, ya yi daidai da gudun da ake bukata kafin abu ya kuɓuce wa fizgar ƙasa. Lissafi ne ya kai shi can, lissafin da masana suka sani tun zamanin Newton.

Wannan lissafin ne kuma ya tona asirin babban kuskurensa. Igwar Verne tsawonta ƙafa 900 ne, kimanin mita 274. Abin da zai tashi daga tsaye cik ya kai gudun kilomita 11 a sakan cikin wannan ɗan taƙi, nauyin da zai danne shi ya haura nauyinsa na asali sau 20,000. Mutum mai kilo 70 zai zama tamkar an aza masa tan 1,400. Verne ya san da matsalar, har ya shimfiɗa wa matafiyansa ruwa a ƙarƙashin daɓen harsashin don ya rage bugun, amma wannan bai fi a tare ambaliya da faifai ba. Abin sha'awa shi ne, da yake ya faɗi ƙaryarsa da alƙaluma, sai ta zama abin da za a iya gwadawa a gyara. Wani malamin makaranta a garin Kaluga na Rasha, Konstantin Tsiolkovsky, wanda ya shaida cewa Verne ne ya cusa masa wannan tunani, ya nuna cewa igwa ba za ta yi ba, sai roka mai ƙara gudu sannu a hankali. A 1903 ya buga lissafin da har gobe da shi ake auna man kowace roka. Ga ƙarya ta yi 'ya'ya.

H. G. Wells na Ingila ya bi wata hanya dabam. Shi ɗalibin kimiyyar halittu ne, ya yi karatu a hannun T. H. Huxley a Landan daga 1884. A labarinsa na 1901 game da mutanen farko a wata, ya ƙirƙiri wani ƙarfe da ke tare fizgar ƙasa kamar yadda bango ke tare haske. Verne bai ji daɗin wannan ba, har ya yi ƙorafi a wata hira cewa shi da kimiyya yake aiki, Wells kuwa ƙirƙira kawai yake yi, in ya isa ya nuna ƙarfen. Wells ya fayyace matsayinsa a gabatarwar da ya yi wa tarin labaransa a 1933. A taƙaice, marubuci yana da damar ya roƙi mai karatu ya yarda masa da abu ɗaya da ba zai yiwu ba, amma daga nan wajibi ne komai ya bi hanyar da aka sani ta duniya da ta halin ɗan'adam.

Babu inda wannan ƙa'ida ta fi fitowa kamar a labarinsa na 1897, The Invisible Man, wato mutumin da ba a gani. Bahaushe ya san layar zana, kuma a labaranmu mai layar zana ba ya biyan komai: ya ɓace da rigarsa da wandonsa, ya shiga inda ya so, ya fito. Griffin, tauraron Wells, ya sami ɓacewar ne ta hanyar sauya yadda jikinsa ke karkatar da haske, saboda haka jikin ne kaɗai ya ɓace. In yana son kada a gan shi, sai ya tuɓe tsirara a cikin hunturun Ingila. In ya ci abinci, ana ganin abincin a cikinsa har sai ya narke. Ƙanƙara da ruwan sama suna zana siffarsa, taɓo yana nuna sawunsa, karnuka suna jin ƙanshinsa, mura kuma tana sa shi atishawa a inda ya so ya yi shiru. Mutumin da ya zaci ya sami mulkin duniya sai ya wayi gari ya fi kowa tsiraici da kaɗaici. Jigon littafin gaba ɗaya, wato yadda iko marar mahaɗi da jama'a ke haukata mai shi, daga waɗannan ƙananan dokoki ya tsiro. Kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski: marubucin da ya ari sunan kimiyya don a gaskata shi, wajibi ne ya biya abin da kimiyyar ta yanka masa.

Doka a Matsayin Tushen Rikici

A tatsuniya, abin al'ajabi yakan zo ne ya warware matsala. A ingantaccen labarin kimiyya kuwa, shi ne ke ƙulla ta. Misalin da aka fi kawowa shi ne gajeren labarin Tom Godwin na 1954, The Cold Equations, wato lissafi marar tausayi. Wani ƙaramin kumbo yana ɗauke da magani zuwa ga mutum shida da zazzaɓi ya kama a wata duniya mai nisa. An auna masa mai daidai nauyin matuƙi da kayansa. Sai matuƙin ya tarar da wata yarinya 'yar shekara 18 ta ɓuya a ciki, tana son ta je ta ga wanta. In ta zauna, man zai ƙare kafin sauka, ita da matuƙin da masu jiran maganin duk su halaka. Babu mugu a cikin labarin, babu kuma wanda ya zo ceto. Yarinyar ta rubuta wasiƙunta, ta yi sallama da wanta ta rediyo, ta fita da ƙafarta.

Kimiyyar da ke ƙarƙashin wannan ita ce lissafin nan na Tsiolkovsky: kowane kilo da aka ƙara yana bukatar mai, man kuma shi kansa nauyi ne mai bukatar wani man. Shi ya sa rokar da ta kai mutane wata ta kusa tan 3,000 a lokacin tashi, kusan kashi 90 cikin 100 mai ne, alhali ɗan akwatin da ya dawo da su bai kai tan 6 ba. Duk da haka, manazarta sun yi wa labarin wata suka da muke ganin tana da ƙarfi. Babu injiniyan kirki da zai ƙera abin hawa ba tare da rarar mai ba, kuma babu hukumar kirki da za ta tsare ƙofar mutuwa da allon gargaɗi kawai. Dokar nauyi da mai gaskiya ce, amma rowar da ta hana a bar rara shawarar mutane ce, labarin kuwa ya lulluɓe ta da rigar dokar halitta. Wannan darasi ne ga mai tarke: ya riƙa tambaya, a cikin abin da marubuci ya kira tilas, wanne ne na halitta, wanne ne na masu iko?

Misali na biyu ya fi wannan zurfi. Tun 1905 Albert Einstein ya nuna cewa babu abin da ke wuce haske gudu, wato kimanin kilomita 300,000 a sakan, kuma duk abin da ya kusanci wannan gudu, lokaci yana tafiya a hankali gare shi idan aka kwatanta da wanda ya bari a gida. An tabbatar da haka a 1971 ta hanyar zagaya duniya da agogunan ƙwayar zarra a jiragen fasinja. Taurarin ɗan'adam masu nuna mana hanya a wayoyinmu ma sai an yi wa agogunansu gyaran kimanin kashi 38 cikin miliyan na sakan a kowace rana, saboda gudunsu da nisansu daga ƙasa. Yawancin marubuta sukan nemi hanyar zille wa wannan doka, domin tauraro mafi kusa da ranarmu haske kansa sai ya yi fiye da shekara huɗu kafin ya isa. Joe Haldeman kuwa, wanda ya karanta kimiyyar taurari kafin a tura shi yaƙin Biyetnam inda aka ji masa rauni, sai ya rungumi dokar. A littafinsa na 1974, The Forever War, wato yaƙi marar ƙarewa, soja yakan yi 'yan watanni a hanyar fagen fama, ya dawo ya tarar shekaru sun shuɗe a gida. Komowar farko ta tauraron, Mandella, ta tarar da fiye da shekara 20 sun wuce, mahaifiyarsa ta tsufa, kuɗi da al'ada duk sun sauya. Kafin yaƙin ya ƙare an haura shekara 1,000. Idan aka raba shi da masoyiyarsa aka tura su runduna dabam-dabam, rabuwar ta zama ta ƙarnoni. Abin da kowane tsohon soja ke ji, cewa ƙasar da ya yi wa yaƙi ba ita ya dawo ya tarar ba, shi ne Haldeman ya mayar lissafi. A zare kimiyyar Einstein daga wannan littafi, babu abin da zai saura.

Wannan shi ne ma'aunin da muke ba da shawara a riƙa amfani da shi: a zare kimiyyar a gani. In labarin ya tsaya yadda yake, to ado ce aka yafa masa. In ya rushe, to ita ce ginshiƙinsa.

Idan Kimiyyar ta Tsufa

Mai karatu na iya tambaya: kimiyya kullum sauyawa take, to me zai sami labarin da aka gina a kan ilimin da aka daina yarda da shi? Amsa tana cikin The War of the Worlds na Wells, wato yaƙin duniyoyi, na 1898. A 1877 masanin falaki Giovanni Schiaparelli na Italiya ya ce ya hango wasu layuka a fuskar duniyar Mas. Kalmar da ya yi amfani da ita tana nufin kwazazzabai, amma aka juya ta zuwa Ingilishi da ma'anar magudanan da aka haƙa. Percival Lowell na Amurka ya gina ɗakin hangen taurari a Arizona a 1894, ya yi ta yayata cewa wasu masu hankali ne ke jan ruwa a tsohuwar duniyar da ke bushewa. A cikin wannan yanayi Wells ya kawo mayaƙan Mas suna neman sabon mazauni. A 1965 kumbon Mariner 4 ya aiko da hotuna: ramuka ne da fako, babu magudana ko ɗaya.

Amma littafin bai mutu ba, domin dokoki biyu da ke riƙe da shi suna nan daram. Ta farko, fizgar ƙasa a Mas ba ta kai kashi 40 cikin 100 na tamu ba, don haka baƙin suka zo nan suna jan jiki da ƙyar, ƙarfinsu duk a na'urorinsu yake. Ta biyu, bayan igwa da sojan Ingila sun kasa, ƙwayoyin cuta ne suka kashe maharan, domin jikinsu bai san su ba. Wannan ilimin Pasteur da Koch ne, wanda a lokacin sabo ne fil. Wells da kansa ya tuna wa masu karatunsa, tun a babin farko, abin da Turawa suka yi wa mutanen Tasmaniya, wato yana so Ingila ta ɗanɗani abin da take shayar da wasu. Mu a nan muna da dalilin karanta ƙarshen littafin da idon da ya fi na Bature buɗewa. Ayarin da Ingila ta turo kogin Kwara a 1841 zazzaɓi ya kashe Turawansa da yawa, ya kora sauran. Da Baikie ya biyo Binuwai a 1854 yana ba mutanensa kwinin, bai rasa Bature ko ɗaya ba. Sauro ya daɗe yana gadin wannan yanki, kuma ranar da aka sami maganinsa, ƙofa ta buɗe. Tambayar da littafin ya bar mana ke nan: me zai faru ranar da maharan suka dawo da rigakafi?

Wani lokaci kuma kibiyar takan juya, labari ya harbi kimiyya. Wells ya karanta littafin Frederick Soddy na 1909 a kan sinadarin radiyam, ya rubuta The World Set Free a 1914, inda ya siffanta bam na ƙwayar zarra. A wajen yadda bam ɗin ke aiki bai dace ba, domin nasa yakan yi kwanaki yana ci kamar dutse mai aman wuta. Amma masanin kimiyya Leo Szilard ya karanta littafin a 1932, a 1933 kuma a Landan tunanin yadda fashewar ƙwaya ɗaya za ta haddasa ta gaba ya zo masa. Shi ne ya tsara wasiƙar da Einstein ya sa wa hannu zuwa ga shugaban Amurka a 1939, shekara shida kafin Hiroshima. Abin da Wells ya gani daidai shi ne sakamakon: makamin da zai sa yaƙi ya zama ƙare-dangi ga kowa.

Waiwaye Gida

A 1969, shekarar da aka taka wata, aka buga Tauraruwa Mai Wutsiya na Umaru Dembo, wanda manazarta da dama ke ɗauka a matsayin zakaran gwajin dafi na wannan fage a Hausa. Labarin yaro Kilba ne da baƙonsa Kolin Koliyo, wanda ya ɗauke shi yawon sararin samaniya. Darajar littafin a tarihin zubenmu ba abin jayayya ba ce, domin ya nuna cewa harshen Hausa na iya ɗaukar kumbo kamar yadda ya ɗauki raƙumi. Ta fuskar zubi kuwa, muna ganin ya fi kusa da gadon Ganɗoki da Ruwan Bagaja: tauraro ya fita, ya ga abubuwan al'ajabi, ya komo da labari. Wannan mataki ne na farko, kuma ya dace da zamaninsa. Abin da bai dace ba shi ne a ce bayan fiye da shekara 50 marubucinmu yana nan a kan matakin, ya cire aljani ya sa baƙon sama, ya cire zoben sihiri ya sa kwamfuta, alhali aikin da suke yi a labarin bai sauya ba.

Kada matashi ya ce ba shi da ɗakin gwaje-gwaje. Frank Herbert ɗan jarida ne. A 1957 ya je gaɓar tekun jihar Oregon ta Amurka don ya rubuta rahoto a kan yadda ake dasa ciyawa a tsayar da tudun rairayi mai cinye hanyoyi. Daga nan littafin Dune na 1965 ya samo asali. Ƙaryarsa ita ce manyan tsutsotsin rairayi da wani sinadari mai tsawaita rai. Dokarsa kuwa ɗaya ce, ƙarancin ruwa, kuma ya bi ta har cikin al'ada: tufafin da ke tace gumi a sake sha, ruwan jikin mamaci da ke komawa ga dangi, tofar da yawu a gaban mutum a matsayin girmamawa, zubar da hawaye a matsayin kyauta mafi tsada. Wanda ya tashi a inda ake kwana a bakin rijiya ya fi Herbert sanin wannan doka. Wasu ma sun riga sun shigo gonar da Ingilishi: Nnedi Okorafor ta kafa The Shadow Speaker na 2007 a Nijar ta shekarar 2070, ta kuma kai Noor na 2021 arewacin Nijeriya.

Kayan aiki kuwa ga su nan jibge. Tafkin Cadi ya kai kimanin murabba'in kilomita 25,000 a farkon shekarun 1960, ya ragu zuwa kusan ushirin haka a tsakiyar shekarun 1980. Ƙurar da ke tashi daga kwarin Bodele na ƙasar Cadi tana ƙetare tekun Atlantika ta zama taki ga dajin Amazon. Tauraruwa mai wutsiyar nan ta Halley, wadda ta bayyana a 1910 da 1986, za ta komo a 2061, kuma wutsiyarta kullum tana juya wa rana baya ne, ta yadda in tana komawa wutsiyar ce ke gaba. Ga kuma dokar gado ta cutar amosanin jini: idan miji da mata duka suna ɗauke da ƙwayar, kowane ciki yana da kashi ɗaya cikin huɗu na haifar mai cutar, kuma wannan lissafi ya raba masoya da yawa a garuruwanmu. A ƙarshen 2023 hukumomin Ingila da Amurka suka amince da maganin da ke gyara ƙwayoyin halittar mai cutar, a kan kuɗin da ya haura dala miliyan 2 ga mutum ɗaya. Marubucin da ya ce mu ɗauka wannan magani ya iso asibitin garinmu, amma gado goma kacal ake da su, ya riga ya sami ƙaryarsa ɗaya da dokarsa. Saura ya bi su da gaskiya: wa za a zaɓa, wa zai zaɓa, me zai sami auren da aka fasa jiya?

Kammalawa

A cikin wannan maƙala mun yi ƙoƙarin nuna cewa ba a auna labarin kimiyya da yawan abin da ya hango, ko da ƙarancin kurakuransa. Verne ya yi kuskuren igwa, Wells ya yi na Mas da na bam, Kepler ya hau aljanu, amma kowannensu ya kafa doka ya zauna a ƙarƙashinta, ya bar ta ta matsa wa taurarinsa har halinsu na gaskiya ya fito. Mun kuma ga, a labarin Godwin, cewa mai tarke na da aikin bambance dokar halitta da son zuciyar mutane da ke fakewa a bayanta. Shawararmu ga mai son shiga wannan fage ita ce ya zaɓi fanni ɗaya, ko na ruwa, ko na jini, ko na taurari, ya karance shi har ya san abin da ba ya yiwuwa a cikinsa, domin a nan labarin yake. Sa'annan ya yi ƙaryarsa guda ɗaya, ya tsaya ya yi mata ban-ruwa, ya ga irin 'ya'yan da za ta haifa.